Ledar Maganin Baba Da Darasin Da Ta Bar Mana



Yau muna so mu ba ku labarin wani abu da ya same mu a ƙungiyance, wanda ya daɗe yana ci mana rai, sannan mu faɗi abin da muka fara yi a kai da inda muke neman hannunku.

A bara Allah Ya yi wa ɗaya daga cikin dattawan da aka kafa ƙungiyar nan da su rasuwa. Ba za mu ambaci sunansa ba, kuma da izinin iyalinsa muke wannan rubutu. Da asuba ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, aka sa shi a Keke Napep zuwa asibiti, bayan kwana biyu ya cika. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, da jama'a suka ragu, babban ɗansa ya fito da wata baƙar leda ya durƙusa gaban wani ɗan ƙungiyarmu da ke aikin jinya. Ya ce, "Baffa, ga magungunan Baba da suka rage. Ko akwai mabuƙacin da za a ba wa, kada su lalace a banza?" Aka zazzage ledar a kan tabarma. Ƙwayoyin hawan jini ne, kwali-kwali, yawancinsu ko ɓarewa ba a yi ba. A gefe ga maganin ciwon jiki irin wanda ake saye a kemis, shi kam an kusa shanye shi, ga kuma wata gorar jiƙo.

Ma'aikacin jinyar ya daɗe yana jujjuya kwalayen, sannan ya ce, "Ɗana, yaushe rabon Baba da shan waɗannan?" Yaron ya ce ai mako biyu kawai ya sha, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke. Daga baya kuma wani ya turo masa murya a WhatsApp ana cewa ƙwayoyin hawan jini ne ke kashe ƙoda, sai ya ajiye su gaba ɗaya. Ɗan uwanmu ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, sai in likita ne ya canza. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ne ke cin ƙoda, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan na ciwon jikin kuwa, irinsu diclofenac, yawan shansu na ƙara hawan jinin, yana kuma wahalar da ƙodar."

Wurin ya yi tsit. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma mun san an umarce mu da neman magani da riƙo da sababi. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne kullum muna tare da Baba. Majalisa ɗaya muke zama bayan magariba. Mun san kuɗin makarantar jikokinsa, mun san rigimar filinsa, mun sha jin yana cewa ya daina shan ƙwayoyin nan, wasunmu har suka ce masa gara haka. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai masu difloma da digiri, amma babu wanda ya san abin da ɗan uwanmu ya faɗa cikin jimla uku. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da muka zauna taron wata, wannan magana ce ta cinye ajandar. Tambayar da muka yi wa kanmu ita ce, ina ilimin lafiya yake maƙalewa kafin ya iso gidajenmu? Domin Gombe ba ta rasa masana ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, muna da Asibitin Ƙwararru na jiha, Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 tana yaye likitoci, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Kaltungo, garin da ake kawo waɗanda maciji ya sara daga jihohi daban-daban. A nan Arawa kaɗai, da wuya ka wuce layi biyu ba ka samu gidan nas ko malamin asibiti ko ɗalibin likitanci ba.

Amma ku tuna yadda ganin likita yake. Ka yi sammako ka ciri kati, ka bi layi, in ka shiga kana jin hayaniyar waɗanda ke jira a bayanka. Shi ma likitan mutum ne, marasa lafiya sun yi masa yawa, 'yan mintuna yake da su. Ya rubuta magani da Turanci, takardar cikin kwali ma da Turanci, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Dattijo irin Baba ba zai tsare yaro sa'ar ɗansa da tambayoyi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce "to, na gode" ya fito. Yana fitowa kuwa, mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa yana da yini guda, da Hausa mai daɗi, da amsar kowace tambaya. Mai murya a WhatsApp kuma yana cikin aljihunsa dare da rana. Masu gaskiya ba su da lokaci, masu lokaci kuma yawancinsu ba su da gaskiya. A wannan tsakanin muka rasa Baba.

A taron ne wani malamin sakandare daga cikinmu, wanda ya karanci aikin laburare, ya ce abin da muke nema wuri ne da mai ilimin lafiya zai zauna ba gaggawa, mai tambaya ya zo ba kati, kuma wannan wuri sunansa laburare. Gaskiya dariya muka fara yi. A tunaninmu laburare wurin 'yan JAMB da WAEC ne, da masu neman inuwa su karanta jarida. Sai ya ba mu misalai, daga baya muka bincika muka tarar haka abin yake.

Ya fara da Tamale a arewacin Ghana, garin da ke da zango da masu jin Hausa, kuma rayuwarsu ba ta da nisa da tamu. A 2012 laburaren yankin arewa da ke can ya haɗa kai da ma'aikatan lafiya da wata ƙungiya ta garin mai suna Savana Signatures, da tallafin ƙungiyar EIFL mai taimaka wa laburarori, suka buɗe sashe na musamman kan lafiyar mata masu juna biyu. Aka koya wa ma'aikatan lafiya neman sahihin bayani a kwamfuta, ana tura wa masu ciki saƙonnin tunatarwa ta waya, ana kuma shirya zama inda za su yi tambaya a ba su amsa. A Kenya, tun wajen 2010 laburarorin gwamnati na Kisumu da Eldoret suka ware kusurwar lafiya mai kwamfuta da intanet, ma'aikatan asibiti da sauran jama'a suna amfana. A Amurka, gundumar Pima ta jihar Arizona ta sa ma'aikatan jinya suna zagaya laburarorinta tun 2012, suna awon jini, suna nuna wa mutane inda za su je a duba su. A Ingila kuwa, daga 2013 likita kan iya rubuta wa mai fama da damuwa sunan littafi, ya je laburare ya ara.

Malamin ya ce dalili uku ne suka sa laburare ya dace da wannan aiki. Na farko, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ba kuɗin kati, ba a tambayar jam'iyyarka ko aƙidarka. Na biyu, ba wanda zai zarge ka don an gan ka a ciki. Mutum na iya jin nauyin a gan shi a ƙofar sashen tarin fuka ko na masu cuta mai karya garkuwar jiki, amma ba mai jin kunyar shiga ɗakin karatu. Na uku, sana'ar ma'aikacin laburare ita ce tantance rubutu, ya san wanda ya fito daga masana da wanda aka ƙaga. Abin da likita ya faɗa a zama ɗaya kuma ba ya bin iska, ana rubuta shi a ajiye a kanta, wanda bai zo ba ya tarar.

Wani dattijo ya ce wannan ai tsarin Turawa ne. Limamin da ke cikinmu ya ce a'a, gadonmu ne muka manta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Nana Asma'u ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har cikin gida, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta buga ƙananan littattafai da Hausa kan tsafta da noma da sana'o'i, domin wanda ya koyi karatu ya samu abin amfani da zai karanta. Haɗa littafi da lafiya ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

To, da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muka ce mu gwada da ɗan abin da muke da shi. Wata makarantar Islamiyya ta ara mana aji ɗaya a ranakun da ba karatu. Kafinta ɗan ƙungiya ya haɗa mana kanta kyauta. Muka tara littattafai da takardun wayar da kai da ma'aikatan lafiyarmu suka tantance, muka sayi na'urar awon jini daga kuɗin wata-wata, muka ajiye akwatin tambaya mai ƙaramin kwaɗo a bakin ƙofa.

Ba za mu ɓoye muku ba, zaman farko bai yi kyau ba, kuma laifinmu ne mu masu shiryawa. Mun sa shi da yamma lokacin ɗora tukunya, mun haɗa maza da mata wuri ɗaya, don haka iyayenmu mata ba su zo ba sai ƙalilan. Likitan da muka gayyato ya zo da kwamfuta da majigi, ana farawa aka ɗauke wuta. Ya ci gaba da baki, rabi Hausa rabi Turancin asibiti, mutane na gyaɗa kai ba don sun gane ba. Wasu kuma sun zo ne da zaton za a raba magani kyauta, da suka ga babu suka tashi suna guna-guni.

A nan muka gane amfanin malaman makaranta a wannan tafiya. Likita ya san abin da za a faɗa, malami ya san yadda ake sa shi ya zauna a kai. Daga zama na biyu, kowane ma'aikacin lafiya sai mun haɗa shi da malami ko malama sun zauna tun kafin ranar, sun tace maganar ta koma abu uku ko huɗu, da Hausar da kaka za ta gane. Mata muka ware musu safiyar Asabar, ungozoma da malama ne kawai a ciki, mu maza muna waje muna tsaron takalma.

Misali ɗaya zai nuna muku bambancin. Duk wanda ke zaune kusa da kwarin nan namu ya san abin da damina ke zuwa da shi, kuma ba mu manta da amai da gudawa da aka yi fama da shi a jihar nan a daminar 2022 ba. Kowace uwa ta ji labarin ruwan gishiri da suga. Amma malamar ta ce ba za a yi bayani da baki ba, kowace mace ta haɗa da hannunta a gani. Aka kawo tsaftataccen ruwa lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita, da suga da gishiri. Ƙa'idar ita ce cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Sai ga shi wasu da babban cokalin cin abinci suke awo, wasu kuma sun juya lissafin, gishiri ya fi yawa, alhali gishirin da ya wuce kima na iya cutar da yaro. Ungozomar ta gyara musu, ta ce in ana samun na sacet daga asibiti ko kemis shi ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono, in yaro ya kasa sha ko idonsa ya faɗa ko ya yi laushi a garzaya asibiti. Aka rubuta wannan a kwali da boko da ajami, da zanen cokali, aka liƙa a bango.

Akwatin tambaya kuwa shi ya fi ba mu mamaki. Abubuwan da ba mai iya furtawa a majalisa su muke tararwa a ciki. Wani ya rubuta cewa shi AS ne, yarinyar da yake nema ma AS ce, an ce musu ɗa ɗaya ne kawai cikin huɗu zai zo da sikila, to in suka tsaya a uku fa? Likita ya yi bayani da ƙwallayen dabino a cikin hula: kowane ciki lissafinsa daban, kowane ɗaya yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, don haka ana iya samu a ɗan fari, ana iya samu a jere. Wata ta tambaya ko kumburin fuska da hannu da ciwon kai mai tsanani ga mai ciki alamar za a haifi namiji ne. Ungozoma ta ce alamar haɗari ce da kan iya kai wa ga jijjiga, ranar da aka gani ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran ranar awo.

Na'urar awon jini ma ta yi aikinta. Wani matashi mai tuƙa Keke Napep, wanda ya rako mahaifiyarsa kawai, ya miƙa hannu cikin wasa, sai ga awonsa ya haura 140 bisa 90 da nisa. Ya ce shi ko ciwon kai ba ya yi. Aka ce masa ai haka hawan jini yake, sau da yawa ba ya sallama. Aka sake auna shi wata rana, aka ba shi takarda ya je asibiti, yanzu yana kan magani. Dokarmu a nan ɗaya ce, kuma mun rubuta ta a ƙofa: ba a rubuta magani a ɗakin nan, ba a sayarwa, ba a yanke wa kowa hukuncin cutarsa. Ana bayani, ana awo, ana nuna hanyar asibiti.

Akwai waɗanda suka ce mana, mutane na fama da abin da za su ci, magani ya yi tsada, ku kuna maganar littafi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin karatu ba ya sayen allura. Shi ya sa muke so a cikin zaman da ke tafe a samu wanda zai yi wa jama'a bayanin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato GoHealth, da yadda ake shiga. Amma muna tuna musu cewa Baba bai rasa magani ba. 'Ya'yansa sun saya masa, yana cikin leda a ƙarƙashin gadonsa. Bayani ya rasa.

Mun san aji ɗaya na aro da kanta ɗaya ba laburare ba ne. Ɗan gwaji ne, kuma ya nuna mana jama'a na da ƙishirwa. Saboda haka muke miƙa kira cikin girmamawa ga Hukumar Laburare ta Jihar Gombe da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, su duba yiwuwar ware kusurwar lafiya a ɗakunan karatu na gwamnati, da rana ɗaya a wata da ma'aikacin lafiya zai zauna ya amsa tambayoyi. Ba sai an gina sabon gini ba, tebur ne da kujeru da kanta da amincewar shugabanni. Muna kira ga ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya da ungozoma da masu harhaɗa magunguna su ba da mutanensu bi da bi. Muna kira ga malaman Hausa na jami'a da kwalejojinmu su zauna da likitoci a fitar da ƙananan littattafai masu shafi kaɗan, da boko da ajami, a kuma naɗi muryarsu domin waɗanda ba su karatu. In ƙarya na yawo a waya da Hausa, to ita ma gaskiya a sa ta a waya da Hausa.

Ku kuma 'yan uwa, ga abin da muke roƙo. In kai ma'aikacin lafiya ne mazaunin Arawa, awa ɗaya a wata muke nema, a kan abin da ka fi sani. In ke malama ce, zo ki taya ungozoma tsara magana. Ɗalibanmu na jami'a da ke hutu, akwai aikin jera littattafai da karanta wa tsofaffi takardar magani. Mai hali ya taimaka da benci ko batirin na'ura ko kuɗin buga takardu, kuma za mu kawo lissafin kowane kwabo a taron wata kamar yadda muka saba. Wanda duk ya samu murya ko bidiyo a kan wata cuta ko wani magani, kada ya tura gaba sai ya tambayi masani, ko ya rubuto a jefa a akwati. Wanda kuma yake da tsoho a gida mai shan maganin hawan jini ko na suga, yau ɗin nan ya buɗe ledar ya ƙirga ƙwayoyin, ya ga ko ana sha.

Babban ɗan Baba shi ne yanzu ke riƙe da makullin ajin, shi ke share shi kafin kowane zama. Ledar nan kuwa ba a ba kowa ba, domin ba a ba wani maganin da aka rubuta wa wani. Ɗan uwanmu ma'aikacin jinya ya tafi da ita inda ake zubar da irinta.

Allah Ya jiƙan Baba da sauran magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da malamanmu da alheri. Mai shawara ko gyara, ƙofa a buɗe take.



Sakatare, a madadin ƙungiya.